A Tanadi Hatsin Kaka Domin Yunwar Damina

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana da jama'ar Jihar Katsina a kan yunwa da asarar abinci, abubuwa biyu da muka saba tattauna su daban-daban alhali kuwa a gari ɗaya suke, sau da yawa ma a layi ɗaya.

Ba sai an tsawaita bayani a kan halin da ake ciki ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, taki ya yi tsada, komai na kasuwa ya bi bayansu, har ta kai a watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A kan wannan sai ga rashin tsaro da ya raba manoma masu yawa da gonakinsu a Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Dandume, yankin da ke cikin mafi albarkar ƙasar noma a jihar nan. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sanarwar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta fitar a watan Yulin 2025, inda ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina a watanni shida na farkon shekarar sakamakon tamowa, kuma ta kula da yara kusan 70,000 a wannan lokaci. Waɗannan su ne waɗanda iyayensu suka iya kai su asibiti. Duk mai ɗa ko jika ya san abin da wannan adadi yake nufi a gidajen da aka yi rashin.

Abin da nake so mu lura da shi shi ne yunwarmu tana da lokacinta, asarar abincinmu ma tana da nata lokacin, kuma ba sa faɗowa tare. Daga watan Oktoba zuwa Disamba hatsi yana cika kasuwannin Dandume da Funtuwa da Mashi da Mai'aduwa, farashi ya faɗi, manomi ya sayar da araha saboda bashin taki da kuɗin makaranta da hidimar aure duk sun taru suna jiransa. Abin da ya rage a gida kuma ƙwaro da ɓera da danshi su ci rabonsu. Daga Fabrairu zuwa Maris tumatir da tattasai na noman rani su yi yawa har a rasa mai saye. Sannan sai damina ta sauka, a watannin Yuli da Agusta rumbu ya kwana babu komai, sabon gero bai nuna ba, aikin gona yana neman ƙarfin jiki, zazzaɓin cizon sauro yana kama yara, manomin da ya sayar da buhu a kaka ya dawo yana sayen tiya da tsada. A ra'ayina babban aikin da jama'a za su iya yi da hannunsu, ba tare da jiran kowa ba, shi ne ɗaukar abinci daga watannin yalwa a kai shi watannin rashi.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Iyayenmu sun ga yunwar da ake kira Kakalaba a 1914, sun ga farin 1973, kuma daga irin waɗannan shekaru suka riƙe al'adar da ta sa maigida ba ya buɗe rumbun bana sai na bara ya ƙare. Suna ajiye gero da dawa a dami, ba a sussuke ba, domin sun san hatsin da ke jikin zangarniya ya fi daɗewa kafin ƙwaro ya same shi. Shawarar da Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya bai wa mutanen Masar ke nan kamar yadda ya zo a cikin Alƙur'ani, cewa abin da suka girbe su bar shi a zangarniyarsa sai kaɗan da za su ci. A yau manoma da yawa sun daina ajiye dami, wasu don matsin bashi, wasu kuma don tsoron a zo cikin dare a ƙone rumbun ko a kwashe shi, kuma ba na ganin laifinsu. Sai dai hatsin da aka sussuke aka zuba a buhu yana buƙatar kulawar da ta bambanta da ta dami, kuma a nan ne muke yin asara mai yawa da kuma ganganci mai haɗari.

Wake shi ne misali mafi kusa. Kowa ya san cewa waken da aka ajiye a buhu na yau da kullum ba ya wuce 'yan watanni kafin ya cika da huji ya zama gari. Don gudun haka sai wasu 'yan kasuwa da manoma su zuba masa maganin ƙwari na feshi, irin wanda aka yi don gona ko don sauro, su ɗinke buhun su kai kasuwa. Wannan ɗabi'a ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015, saboda yawan guba da aka samu a jikinsa, kuma waken da Turawa suka ƙi shi ne muke dafa wa 'ya'yanmu alala da ƙosai da shi. Alhali akwai mafita mai sauƙi da ta daɗe a kasuwanninmu, wato buhun PICS da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka. Buhu ne mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Idan aka zuba hatsin da ya bushe sosai, aka matse iska, aka ɗaure kowace leda daban, ƙwarin da ke ciki sukan shanye ɗan iskar da ta rage su mutu, ba tare da ko ɗigon magani ba, kuma ana iya sake amfani da buhun a wata kakar muddin bai huje ba. Abin da ke hana ƙaramin manomi saye shi ne kuɗinsa ya fi na buhun da ya saba, kuma lokacin da yake buƙatarsa shi ne lokacin da aljihunsa ya fi bushewa. Ƙungiyar manoma ta ƙauye ko matan da ke adashi za su iya sayen irin wannan buhu da yawa a sari, a raba wa membobi, a biya bayan an sayar da amfani.

Shawarar da na fi so in gabatar ita ce kowace unguwa a birni da kowane ƙauye su kafa abin da zan kira rumbun unguwa, a ƙarƙashin kulawar mai unguwa da limami. A tara masa hatsi a kaka, lokacin da bayarwa ba ta yi wa kowa nauyi, a rufe shi, kada a taɓa sai damina ta yi nisa. Bari in kawo lissafi domin a ga cewa abin bai fi ƙarfinmu ba. Idan unguwa tana da gida 200, kowane gida ya ba da tiya 2 ta gero ko masara, an sami tiya 400, wato kimanin buhu 10. Wannan zai isa a bai wa gidaje 20 mafi rauni tiya ɗaya duk bayan kwana uku har tsawon wata biyu. Ba zai ƙosar da su ba, amma zai sa a hura wuta a gidan da a da sai a wuni ba a ɗora tukunya ba, kuma wannan lissafi bai haɗa da abin da masu hali za su ƙara ba, waɗanda buhu ɗaya ko biyu ba ya rage musu komai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi mutanen Ash'ariyyawa saboda idan abincin iyalansu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai a tsakaninsu. Zakkar amfanin gona kuwa, wadda ke wajaba idan an kai sa'i 300, ɗaya bisa goma ga noman damina da rabin haka ga wanda aka shayar da wahala, tana da hukuncinta da lokacinta da waɗanda suka cancance ta, don haka malamai da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha su ne za su tsara yadda za ta taimaka. Rumbun unguwa ya tsaya a kan sadaka da gudummawar maƙwabta.

Akwai dalilin da ya sa nake nanata maganar damina. Mutanen Katsina ba marowata ba ne, duk wanda ya ga yadda ake ciyarwa a watan azumi ya san haka. Masallatai suna cika da kunu da ƙosai da dabino, attajirai suna raba shinkafa da gero, gwamnati ma tana buɗe wuraren dafa abinci. Wannan alheri ne babba, Allah ya saka wa masu yin sa. Amma a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a watannin Fabrairu da Maris da farkon Afrilu, lokacin da gidaje da yawa na karkara ke da sauran abin da suka noma. Da an sha ruwan salla sai hannuwa su koma aljihu, watannin da suka fi tsanani kuma su zo babu mai tunawa da kowa. Da masu raba buhu 100 a azumi za su raba 70 su ajiye 30 zuwa watan Agusta, da sun riski mutane a lokacin da buƙatarsu ta fi ƙarfi, kuma ladan ciyar da mai jin yunwa ba ya ƙarewa da ganin watan Shawwal.

Na san za a ce an sha kafa irin wannan rumbun unguwa a wasu wurare ya rushe, kuma gaskiya ne. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, musamman yankin Maraɗi da muke iyaka da shi, sun daɗe da bankunan cimaka na ƙauyuka tun bayan farin shekarun 1970, wasu sun ɗore, da yawa kuma sun mutu saboda an ci bashin hatsi ba a biya ba ko kuma 'yan kwamiti sun mayar da dukiyar jama'a tasu. Darasin da za mu ɗauka daga gare su shi ne a rufe ƙofar zargi tun daga farko. Ɗakin ajiya ya kasance da kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku da ba 'yan gida ɗaya ba. Duk abin da ya shiga ko ya fita a rubuta shi a littafi, a karanta jimillar a gaban jama'a bayan sallar Juma'a. A bambanta tsakanin magidanci mai gona, wanda za a ba shi rance ya mayar tiya da tiya idan ya girbe, da gwauruwa mai marayu ko tsoho marar mai taimako ko wanda aka koro daga ƙauyensa, waɗanda nasu kyauta ne. Kuma lallai a sa mata a cikin masu zaɓen gidajen da za a taimaka, domin mace ce take shiga gida ta ga murhu, ita ta san wadda ta aiko aron gishiri don ta ɓoye cewa babu abin da za a sa masa. Maza a ƙofar gida sukan ga juna da wankakkiyar riga su ɗauka lafiya ƙalau ake. Abu na ƙarshe a wannan gaɓa, kada a bar ɗan siyasa ya liƙa hotonsa a jikin buhun, domin ranar da rumbun ya zama na jam'iyya rabin unguwa za su janye hannunsu.

Kayan gwari su ma suna buƙatar irin wannan haɗin kai, ko da yake su aikinsu ya fi gaggawa. Duk wanda ya bi yankin Danja ko bakin madatsun ruwa na Jibiya da Zoɓe da Ajiwa da Sabke a tsakiyar rani ya ga yadda ake jibga tumatir a manyan kwanduna, a ɗora wani kan wani a mota, na ƙasa ya farfashe tun kafin a bar gari. Ya kuma ga yadda ake yanka wanda ya rasa mai saye a shanya shi a ƙasa a gefen hanya, ƙura da yashi da dabbobi suna bi ta kansa, sai kauɗar ta fito baƙa mai datti, a sayar da ita da arha. Sauya kwando da akwatin roba mai ramuka yana rage fashewa ƙwarai, kuma ƙungiyar 'yan gwari za ta iya mallakar akwatunan tana bayar da haya. Shanya a kan tamfol ko a kan gadon kara da aka ɗaga daga ƙasa yana fitar da kauɗa ja mai tsabta wadda kowace uwargida za ta so a damina, sa'ad da ɗanyen tumatir yake gagarar talaka. Wannan sana'a ce da ƙungiyoyin mata za su iya riƙewa da ɗan jari, kamar yadda suka riƙe busar da kuɓewa da kuka da zogale tun kaka da kakanni. Ga masu sayar da kayan miya a tebur kuma akwai dabarar da wani malami daga Jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yayin da ruwan yake bushewa yana jan zafin ciki, kayan miya su ƙara kwanaki ba su lalace ba, kuma dabarar ta fi aiki a busasshiyar iska irin tamu. Maginan tukwane muna da su, wutar lantarki ce ba mu da tabbacinta.

Sai batun da na san zai sosa wa wasu rai, wato abincin biki. A Katsina da Daura an kai matsayin da aure ɗaya sai a yi masa zama huɗu ko biyar, kowanne da girkinsa, ana auna darajar gida da yawan abin da aka jera. A ƙarshen taro za ka ga faranti da robobi an ci rabi an bar rabi, an haɗa shinkafa da ƙashi da ledar ruwa an zuba a shara. A gidajen iyayenmu tuwon da ya kwana yakan zama ɗumame, wanda ya bushe ya zama ƙanzo, ko ruwan tsari ba a zubarwa sai an ba dabba. Allah Ya umarce mu da mu ci mu sha kada mu yi ɓarna, Ya kuma kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu, kuma duk mun haddace wannan tun muna makarantar allo. Ba ina cewa a daina karrama baƙi ba, amma akwai gyara mai sauƙi. A watannin zafi, sa'ad da ma'aunin zafi ke haura 40, dafaffen abinci ba ya jimre sa'o'i masu yawa, saboda haka jiran a tashi daga taro kafin a tattara saura a bayar kuskure ne, kuma sau da yawa abin da ake miƙa wa almajirai a irin wannan lokaci ya riga ya fara tsami. Wannan cutarwa ce da ake yi wa yaran da ba su da mai kai su asibiti. Abin da ya dace shi ne mai biki ya ware tukunya guda tun daga kan wuta, matasan unguwa su ɗauke ta da zafinta su kai makarantar allo ko gidajen da aka riga aka sani, a rage yawan abin da ake zuba wa kowane baƙo, wanda bai ƙoshi ba ya ƙara. Masu gidajen abinci da masu gidan burodi da 'yan gwari a Babbar Kasuwa su ma za su iya sanin matashi ɗaya amintacce da zai riƙa zuwa da yamma yana karɓar abin da ba zai kai gobe ba tun yana da kyau. A Faransa sai da aka yi doka a 2016 kafin aka tilasta wa manyan kantuna bayar da abincin da ba su sayar ba. Mu muna da ciyayya, inda kwanon tuwo ke fita daga wannan gida ya shiga wancan kowane dare, kuma katangu da ƙofofin ƙarfe na sababbin unguwanni ne suke neman kashe ta.

Ina roƙon matasan da za su ɗauki wannan aiki su kiyaye mutuncin waɗanda suke kai wa. A kai abinci bayan magariba, a yi sallama a miƙa, kada a tara mata da tsofaffi a rana cikin layi, kada kuma a ɗauki hoton fuskar mutum a sa a Facebook. Akwai magidanta da yawa a garin nan da za su gwammace su kwana da yunwa da a nuna su ga duniya suna karɓar tiya.

Duk abin da na faɗa bai sauke wa gwamnati nauyinta ba. Babu rumbun unguwar da zai mayar da manomin Batsari gonarsa, kuma babu adashin da zai gyara hanyar ƙauye ko ya yashe madatsar ruwa ko ya sa magani a cibiyoyin kula da yara masu tamowa. Waɗannan haƙƙi ne da za mu ci gaba da nema. Abin da za a iya yi wa rumbunan unguwa daga sama kaɗan ne kuma ba mai tsada ba: ƙananan hukumomi 34 na jihar su ba da aron ɗakin ajiya inda babu, malaman gona su koya wa mutane gane hatsin da ya bushe da yadda ake ɗaure buhu marar shan iska, masarautun Katsina da Daura kuma su umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni su kira taron jama'arsu kafin a fara girbi, domin idan aka bari har hatsi ya bar hannun manoma ya shiga shagunan 'yan sari, tara shi zai yi wuya.

Daga gare ka kuma, Edita, ina neman alfarma biyu. Ka riƙa buga mana farashin gero da dawa da masara da wake daga manyan kasuwannin jihar nan kowane mako, domin kwamitocin unguwa su san lokacin saye da inda ya fi sauƙi. Sannan ka tura wakilanka su nemo unguwanni da ƙauyukan da suka riga suka fara irin wannan tanadi, su rubuto mana yadda suke tara hatsin, wanda ke riƙe da makulli, da matsalolin da suka ci karo da su, ko wasu sa yi koyi tun a kakar bana.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarka daga Ƙofar Marusa, Katsina